Baƙin Mai a Tafin Hannu

Ni ne Filibus mai gyaran janareta,
shagona na bayan layin dogo a Agege,
inda jirgi in ya wuce, kwanon rufi kan ɗau rawa.
Rabin unguwar nan da hannuna suke ganin haske,
amma ƙwan ɗakina ya mutu shekara uku
ban sa wani ba.

Ranar da cikin Keziya ya zube
ina Ikeja, durƙushe gaban injin wani otal.
Waya ta yi kuka sau bakwai a aljihuna,
na ce bari dai in ƙarasa ɗaure noti.
Maƙwabciya ce ta kai ta asibiti.
Ni na iso da ledar lemo
bayan an gama wanke daɓe.

Ba wannan ya kashe auren ba,
shirun da ya biyo baya ne.
"Yi haƙuri" ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Na yi ta biyan haya, na yi ta sayo shinkafa,
wai ko buhu zai yi magana a madadina.
Wata goma sha ɗaya tana jira.
Sai wata Talata da asuba, ana yayyafi,
ta hau motar Zonkwa,
ta bar makulli ƙarƙashin bokiti,
zobe kuma cikin kofin shayina.

Dattawa sun je, sun dawo da gajiya.

A sujadar Hausa na koma bencin ƙarshe, bakin ƙofa.
Na fita daga mawaƙa.
In an zagayo da Jibin Ubangiji
sai in sunkuya kamar mai ɗaure takalmi
har gurasa da ƙoƙo su wuce ni.

Bara na rubuta mata shafi huɗu.
Amsa ta zo a waya, gajeriya:
"Na yafe maka tun motarmu na Lakwaja.
Ba zan dawo ba. Ka riƙa cin abinci."

To, Allah ya yafe, Keziya ta yafe,
saura ni:
ni ne alƙali, ni ne gandiroba, ni ne fursuna,
duk cikin riga ɗaya mai warin fetur.

Baba Tagwai mai share majami'a ne ya tare ni,
tsintsiya a hammata, goro a baki.
Ya ce, "Ɗana, kotunka ta fi ta Sama ne?
Bashin da aka biya a kan gicciye,
wa kake kai wa cikonsa duk Lahadi?"
Na ji haushinsa har sati biyu.

Sai aiki ya kai ni Makoko da sassafe,
kwalekwale na ratsa baƙin ruwa tsakanin ƙafafun gidaje.
Wata tsohuwa na gasa kifi a garwashi,
ba ta jin yarena, ba na jin nata,
ta yago mini tsoka ta ɗora a hannuna.
Nan na tuna wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku,
yadda aka fara ba shi karin kumallo a bakin ruwa
kafin a tambaye shi komai.
Na ci ina hawaye.
Ta zaci hayaƙi ne, ta kama yi mini fifita.

Lahadin da ta biyo na wanke hannu sau biyar,
baƙin mai ya ƙi fita daga zanen tafina.
Haka na miƙa shi.
Gurasar ba ta ƙone ba.

Har yau matashi ɗaya ne a gadona.
Zoben na cikin akwatin aiki, tsakanin notuna,
in na ci karo da shi kirjina kan yi nauyi,
in yi mata addu'a, in ɗauki sifana.

Jiya da magariba na taka kujera
na sa sabon ƙwai.
Ashe bangon ɗakin shuɗi ne.